Makullin Mota a Jakar Dada

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. A ƙofar masallaci, a ɗakin malamai, har wajen mai shayi: "Malam Iliyasu, ya Ingila? An ce har keke ka hau a bakin teku?" Wani ma sai ya haɗa da dariya, wai mutum ya hau jirgin sama don ya je ya tuƙa keke. To, zan rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, daga nan kada wanda ya sake tare ni da maganar. Kuma in gaya muku tun yanzu, ba labarin daɗi ba ne. A makon da nake yawon keke a ƙasar mutane, a makon nan ne 'yan bindigar nan da muke kira yaran daji suka shiga Mubi, mahaifiyata tana cikin gari.

Sai na fara da mota, don daga nan abin ya taso. Ina da wata tsohuwar mota da na sha wuya kafin na mallaka. Ina kuma da ƙane, Buba, mutum mai shekara talatin da 'yan kai, wanda in ya ga makulli hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Sau biyu yana ɗaukar ta ba da izinina ba ya yi lodin kaya zuwa Belel, sau biyun kuma ya dawo min da ita a lotse. Da tafiyar kwas na wata biyu ta taso, na kai matata da yara Yola wajen iyayenta, gida ya rage daga Dada, wato mahaifiyarmu, sai Buba. Na sa wa sitiyari ƙarfe na datse da kwaɗo. Na haɗa makullan biyu na jefa a wani gwangwanin man zafi da ya ƙare, na cusa shi can ƙasan jakar maganin Dada. Dada tana da ciwon suga, gwiwoyinta kuma sun daɗe da gajiya, jakar nan kullum tana gefen katifarta. Na san Buba zai iya tone gidan nan kaf, amma ba zai taɓa sa hannu a jakar mahaifiyarsa ba. Ita kanta ban gaya mata ba, don na san in ya marairaice mata za ta ba shi.

Da safen da zan tafi Buba ya riƙe min jaka har tasha. Hamma yake kirana, wato Yaya. Ya ce, "Hamma, makullin fa? Ko don a riƙa tayar da ita kada batir ya mutu."

Na ce, "Batir ɗin ya mutu. Na ajiye shi inda ba za ka gani ba har ka tsufa."

Har daɗin maganar na ji a bakina, wallahi.

Hanyar Yola kun san ta a lokacin, ba sai na ɓata takarda ba. Shinge bayan shinge, a sauko, a ɗaga hannu sama, a taka a ƙasa a wuce, a koma mota. Daga Yola sai Abuja, daga Abuja sai Landan. A bakin shiga ƙasarsu na tarar da wani jami'i a cikin akwatin gilashi, ya juya fasfo ɗina ya fi sau biyar. Ya ce ina ne Mubi? Na ce kusa da Kamaru. Ya ce me zai tabbatar masa zan koma? Raina ya ɓaci, na ce masa uwata tana can, akwai abin da ya fi wannan? Ya dube ni ta saman tabarau, ya buga hatimi, ko sannu da zuwa bai ce ba.

Kwas ya tafi daidai. A cikin masu koyar da mu akwai wani dogon Bature mai suna Kolin, mutumin kirki, amma irin kirkin da ke gajiyar da mutum. Da aka ba da hutun mako guda ya ce lallai sai ya nuna min ƙasarsu ta gaskiya, ba Landan ba. Za mu bi gaɓar tekun kudu a kan keke, kwana biyar, ƙauye zuwa ƙauye, mu ga duwatsun alli. Na ce masa a garinmu wanda ya rasa kuɗin mota shi ke hawa keke, kuma ba a hawa sai da dalili: kai masara injin niƙa, ko zuwa gona. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi a wurinsa raha nake yi.

Muka sauka daga jirgin ƙasa a wani ƙaramin gari, muka shiga shagon hayar kekuna. Aka ba ni keke mai giya ashirin da wani abu, sirdinsa ko faɗin tafin hannuna bai kai ba. Aka kifa min hular kwano. Aka miƙo min wani wando mai kama jiki, na ɗaga shi na duba, na ce wa mai shagon ko a kabari ba za a sa min wannan ba. Na hau da kaftanina. Ba mu yi tafiyar minti goma ba sarƙa ta cafke bakin rigar, na kife cikin ciyawa mai ƙaiƙayi a gefen hanya. Ina tashi kuma na koma hannun dama yadda muka saba, wata tsohuwa a ƙaramar mota ta kusa kwashe ni. Ba ta zage ni ba, ba ta yi ham ba, sai ta ɗaga min hannu tana murmushi. Ni da zagin ta yi da na fi samun sauƙi.

Yanzu bari in gaya muku zancen waya. Tun da na sauka ƙasar nan Buba yake min filashin. Kun san halinmu: wanda ke gida ya kira ya katse, wanda ke waje shi ke da kuɗin kira. Makon farko duk filashin sai gabana ya faɗi, in bar abin da nake yi in kira, ina tsoron jikin Dada ne. Sai in ji: "Hamma, ka taho min da rigar ƙwallo." Gobe takalmi, lamba arba'in da uku. Jibi: "Hamma, motar nan ƙura ta rufe ta, da ka faɗa min inda makullin yake in kai ta wanki." Ranar na zazzage shi tas. Na ce kada ya sake damuna sai in wani ne ya mutu. Ya ce to. Bayan kwana biyu ya ci gaba da abinsa, ni kuma na daina kira sai ranar Juma'a.

Masaukinmu na farko gidan wata tsohuwa ne da ke ba da hayar ɗakunan 'ya'yanta da suka watse. Tana da kare, karen yana da gado, gadon yana da bargo. Da safe ta kawo mana wake mai zaƙi a kan burodi, da ƙwai, da wani baƙin abu zagayayye. Allah ya taimake ni na tambaya kafin in kai baki. Jini ne, jinin alade aka daskarar. Na ture farantin gaba ɗaya, na sha shayi da busasshen burodi. Ta ce ɗanta yana wani gari, tafiyar awa biyu, rabonta da shi tun Kirsimetin bara. Na ce a raina, tir, awa biyu ka bar uwarka da kare? Har na yi wa Kolin wa'azi a hanya, na ce mu a wurinmu uwa a ɗakin da ke kusa da naka take kwana, ba a barin ta. Ku riƙe wannan maganar tawa, za ku ga inda ta kai ni.

Ƙauyukansu kuwa ban san me zan ce ba. Gidaje tsaf-tsaf, furanni a taga, amma ba mutane. Ka ratsa ƙauye guda ba ka ga yaro yana wasa a waje ba, ba wanda zai ce maka sannu da hanya, balle ya miƙo ruwa. Tumaki ga su nan birjik, ƙosassu, ba makiyayi, ba mai gadi. Na ce wa Kolin a kawo waɗannan kasuwar shanu ta Mubi rana ɗaya a ga abin da zai faru. Kowane shinge da 'yar ƙofarsa, ka buɗe, ka tura keke, ka rufe. Na manta ban rufe ɗaya ba, wani manomi ya biyo mu a kan ƙaramin tarakta, fuska ja wur, yana ta faɗa. Shi ne mutum na farko da ya yi min magana kamar mai jini a jika, har na ji ina son sa. Abincin rana burodi mai sanyi da cuku. Da yamma kifi da dankali, ba yaji, ba gishirin kirki, sai wani ruwa mai tsami da suke yayyafawa.

Rana ta uku muka kama hawan duwatsun allin. Tun da hantsi wayata ta fara zuga a aljihu. Na duba, Buba. Ta katse. Bayan minti biyu ta sake. Ga iska tana neman ture ni, ga cinyoyina kamar an daka, ga tudu ya ƙi ƙarewa, ga wannan ɗan rainin hankali yana neman takalmi. Na ƙirga har tara. Kolin ya waiwayo ya ce shi in ya fito hutu kashe waya yake yi, duniya ba za ta rushe a kwana biyar ba. Na ce ka yi gaskiya. Na tsaya, na sauke ƙafa ɗaya, na danna na kashe ta, na jefa can ƙasan jakar keke. Har tsaki na ja.

Kuna ta tambaya ya duwatsun suke. Ƙasa ce mai ciyawa ta zo ta tsaya cak, kamar an yanka ta da wuƙa, daga nan sai farin bango ya sauka har cikin teku. Alli ne, irin wanda nake rubutu da shi a allo kullum. Shi ke nan. Na tsinci wani guntu na sa a aljihu don in nuna wa ɗalibaina. Na yi sallar azahar a kan ciyawa, iska ta fizge hulata ta yi teku da ita, Kolin ya ɗauki hoto muna ta dariya. Hoton yana nan. Na lissafa daga baya, a daidai lokacin da nake wannan dariyar Buba yana tsakar gidanmu da taɓarya yana dukan kwaɗon sitiyari.

Wajen la'asar muka gangaro wani ɗan shagon shayi. Kolin, mutumin da ya ce min a kashe waya, shi ya fara kunna tasa don ya duba ko za a yi ruwa gobe. Na ga ya ƙura wa wayar ido. Ya ce, "Iliyasu, yaya ka ce sunan garinku?"

Na fizge wayar daga hannunsa. Layi uku ne kacal, ƙarƙashin labarin wasan ƙwallo: yaran daji sun shiga Mubi. Na zazzage jakar keke a ƙasa, na kunna tawa. Saƙon nan na kyauta da ke cewa a kira ni, guda goma sha huɗu, duk daga Buba. Ashe tun safe masu sayar da kati sun gudu, ba shi da ko sisi a waya, filashin ɗin nan shi ne iyakar abin da yake da shi. Na kira, ba ta shiga. Na kira maƙwabta, na kira limaminmu, na kira duk wata lamba ta Mubi da ke wayata. Babu ko ɗaya. Matata a Yola sai kuka take yi, ta ce mutane suna ta isowa a ƙafa, ba wanda ya ga Dada.

Mai shagon ta zo ta dafa kafaɗata ta ce in zauna ta haɗa min shayi. Shayi! Na daka mata tsawar da har yau nake jin kunyarta. Na ce a nemo min mota. Babu mota a wurin, sai an yi waya an jira awa biyu. Tashar jirgin ƙasa mafi kusa kuma tafiyar awa ɗaya da rabi ce a keke. Haka na sake hawa wannan la'anannen sirdi, na bi ta gefen duwatsun nan, masu yawo da karnuka suna ɗaga min hannu suna cewa yamma ta yi kyau. Ina taka feda ina zagi. Na zagi yaran daji da wanda ya haife su. Na zagi waɗanda aka ba amanar tsare gari. Na zagi Kolin da shawararsa, na zagi alli, na zagi teku. Wanda ya kamata in fara zagi ne kawai na tsallake, wato ni kaina, don ban shirya haɗa ido da shi ba. Kolin dai ya yi gaba. Ya riga ni isa tasha, ya yanki tikiti, ya ce in bar masa kekunan zai san yadda zai yi. Ban yi masa godiya ba sai bayan wata uku, a takarda.

Kwana huɗu ina Landan ina neman a sauya min ranar jirgi, waya a tafin hannu har banɗaki. Rana ta huɗu da safe ta yi zuga sau ɗaya ta katse. Baƙuwar lamba, ta Kamaru. Ban taɓa mayar da kira da sauri irin na ranar ba.

"Hamma, ni ne. Muna raye."

Na ce, "Dada fa?"

"Tana nan. Ƙafarta ce dai ba daɗi." Sai ya ƙara da cewa, "Makulli kawai na so tambayarka ranar. Alhaji na kusa da mu ya bi ta Maiha da motarsa, an ce a Yola suka kwana. Na daki kwaɗon ya ƙi. Sai na fito da tsohon keken Baba, na ɗaura filo a kariya, na ɗora ta."

Keken Baba, baƙin nan da muke kai niƙa da shi. A kansa Buba ya tura mahaifiyarmu ta Gude, ya haura duwatsu da ita har cikin Kamaru. Inda keke ba ya bi, ya goya ta ya kai gaba, ya dawo ya ɗauki keken.

Na ce, "Kun ɗauko jakar maganinta?"

Ya ce, "Ita kaɗai ma muka ɗauko."

Bai tambaye ni inda makullin yake ba, ni kuma ban faɗa ba. Na ce masa kati zai ƙare, alhali bai kusa ba.

Na same su a Yola, sun zagayo ta Belel. A hanya wayar ƙarfe ta tayar keke ta yanki diddigen Dada, ga suga, ga kwanaki ba wanki ba ɗauri. Kafin su kai asibiti ƙafar ta riga ta lalace, aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Na shiga ɗakin na durƙusa, na kasa ɗaga kai. Ta shafa kaina ta ce na rame, ba sa ba ni abinci ne a can? Da Buba ya fita sayo ruwa, ta jawo jakar nan, ta lalubo gwangwanin man zafi ta danƙa min a hannu.

Ta ce, "A Kamaru na gan shi, ina neman abin shafawa. Ungo kayanka. Kada ɗan'uwanka ya sani, ka ji ko? Ku biyu kaɗai gare ni."

Ko faɗa ba ta yi min ba. Wallahi da ta kwaɗa min mari da na samu inda zan sa kaina.

Da gari ya lafa muka koma Mubi. Motar babu ita, sai guntayen gilashi a inda take. Na yi wata bakwai ina yawo da gwangwanin nan a aljihu, ina jin haushin kowa. Ɗalibi ya yi tari in kore shi daga aji. Ku kuma kuna tare ni kuna tambayar ina tsarabar Ingila. Buba kuwa kullum da safe shi ke ɗaukar Dada ya fito da ita rana, ya gaishe ni da ladabi kamar ba abin da ya faru, wannan ladabin kuma ya fi komai ƙona min rai.

Ran wata Asabar na same shi a zaure ya kifa keken Baba yana faci. Na saɓa wa Dada. Na miƙa masa gwangwanin. Ya goge hannu a wando, ya buɗe, ya daɗe yana kallon makullan biyu.

Ya ce, "A ina yake?"

Na ce, "A jakar Dada. A ƙasa."

"Jakar magani?"

"Ita."

"Wadda na rataya a wuyana?"

Na tsaya ina jira ya tashi ya shaƙe ni, na ma fi son haka. Sai ya mayar da murfin ya rufe, ya kai gwangwanin kusa da kunnensa ya girgiza. Ya sake girgizawa.

Ya ce, "Wannan ƙarar ce. Kwana huɗu ina jin ta a ƙirjina, duk taku. Na ɗauka ƙwayoyin maganinta ne, har ina cewa alhamdu lillahi, da saura."

Ya ajiye min gwangwanin a ƙasa kusa da ƙafata, ya ɗauki famfo ya ci gaba da ba taya iska.

To, kun ji yadda Ingila take. Guntun allin yana nan a aljihun tebur, duk mai son gani ya zo ya ɗauka, ba na so. Wayata kuwa tun ranar ban sake kashe ta ba, ko a aji, ko a masallaci. Buba yana gaishe ni kullum, yana cin abinci tare da ni, amma bai sake yi min filashin ba. In yana da magana, kati yake saya ya kira da kuɗinsa.